Bututun da Bai Lanƙwashe Ba

Tun ranar da 'yan bindiga suka tare tirelarsu a hanyar Birnin Gwari, Manasseh yake rayuwa a kan ƙarya ɗaya tak: shi lebura ne, ɗan lodi. Kafin su iso kansa ya riga ya cusa katin aikinsa a ƙarƙashin kujera, ya murje tafukansa da baƙin mai. Lebura yana iya komawa gida wata rana. Injiniya kuwa, sai abin da Allah ya yi.

Gaskiyar magana, rakiyar kayan yake yi zuwa wata tashar wutar lantarki. Bututu ne na ƙarfen da aka haɗa musamman don tururi mai tsananin zafi, irin zafin da ke sa gama-garin ƙarfe ya riƙa saki a hankali kamar danƙo, ba ƙara ba gargaɗi, har ranar da zai ba da kai. Rabin rayuwarsa ya ƙarar yana gasa ƙarafa a ɗakin gwaji don ya ga wanne zai fara gajiya. Ga shi yau a tsakiyar daji da sarƙa a ƙafa, ko fitsari sai ya nemi izini.

'Yan bindigar sun kwaso bututun da babura za su iya ja daga tirelar, masu kyan da gama-garin na ruwan famfo duk a haɗe, suka zube a gefen daba. Su dai ƙarfe ƙarfe ne. Na famfon suka gitta a kan rami, suka ɗora rabin ganga, murhu ya samu. Saliha, wata mata daga ƙauyen Kutemeshi da suka ɗauko a gonar masara, ita ke tuƙa tuwon kowa a kai, safe da yamma.

Ana cikin haka aka ce manyan gari sun shiga sulhu. Ogan dabar, wanda don tsabar rashin ta-ido ake kira Mailafiya, ya ce ranar Juma'a zai saki manoma da leburori. Manasseh ya ji kamar ya fashe da kuka, ya danne.

Washegari idonsa ya faɗa kan murhun. Bututun tsakiya ya yi ciki, fatarsa tana ɓarewa, gangar ta ɗan karkata daidai inda Saliha take tsayawa. Ya kawar da kai. Idon da ya saba kuwa ba ya jin magana, ya sake komawa.

"Ƙanwata, ki rage wutar nan," ya ce a hankali, da ta kawo musu ruwa.

"In tuwo ya makara ni za a daka, Yaya."

"To ki riƙa tsayawa ta wancan gefen."

"Can hayaƙi yake bi. Lafiya?"

Ya karɓi ruwan ya sha. Me ɗan lodi ya sani game da ƙarfe? Ya ce wa ransa ya yi haƙuri, Juma'a ta kusa, wataƙila bututun ya kai. Amma ya san ƙarya yake wa kansa, kuma tsoro ya hana shi cin tuwon ranar. Yana ganin ta tana jingina cinyarta da bakin ramin, talge yana tafarfasa a saitin cikinta.

Da aka kwance shi ya je ɗebo itace, sai ya ratse wajen tulin bututun da aka zube. Ya goge laka da babban yatsa, ya karanta lambar da aka buga a jikin wani bututu, ya ajiye. Ya ɗaga wani, ya karanta, ya ware guda uku. Ya ce wa mai gadinsa murhu ya lotsa, a canza kafin tuwon oga ya zube. Aka canza. Sababbin suka sha wuta safe da yamma, suna nan miƙe sambal.

Ranar Juma'a aka jera su, aka fara kwance sarƙoƙi. Manasseh ya bi layi kansa a ƙasa, Saliha a gabansa.

"Injiniya," in ji Mailafiya daga kan tabarmarsa. "Ina zuwa?"

Manasseh ya ci gaba da tafiya. Bakin bindiga ya tare masa ƙirji.

"Ni lebura ne, ranka ya daɗe."

"Lebura mai karanta ƙarfe?" Mailafiya ya kurɓi shayinsa yana murmushi. "Ina zaune a nan kana zaɓe. Mu ma muna da ƙarafan da zafi ke cinye mana a jikin bindigogi, mun daɗe muna neman irinka."

Saliha ta juyo, ta buɗe baki, aka tura ta gaba. Layin ya shige duhuwa ɗaya bayan ɗaya, har Manasseh ya daina jin takunsu.

"Ku share masa bukka, ku sa masa katifa," Mailafiya ya ce wa yaransa. "Daga yau kada wanda ya sake taɓa shi. Ɗan gida ne."