Hannun Abakar

Ƙanena Abakar ya dawo gida Moduganari hutun sati biyu daga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, kuma tun daga yadda ya ajiye jakarsa na san ba labarin arziki ya kawo ba. Unguwa kuwa ta riga ta sa masa suna Kyaftin. Har mai shayi ya daina ba shi kofin roba.

Sai da muka ci abinci ya faɗa mini. Sau uku malaminsa, Kyaftin Manasse, yana hana shi tashi shi kaɗai. 'Yan ajinsu duk sun yi. Saura gwaji ɗaya, in ya sake faɗuwa a sallame shi.

"Tashin ne ba ka iya ba?" na tambaye shi.

"A sama ba ni da matsala, Yaya. Saukar ce. Ina zuwa daf da titin jirgin sai in rage wuta tun lokaci bai yi ba, jirgin ya nemi zubewa cikin ciyawa. Malam ya ƙwace totur ya yi ta faɗa."

"To ka daina ragewa mana."

Ya yi mini kallon wanda ya shawarci majinyaci ya warke.

Ni keke Napep nake ja, abin da na sani game da jirgi bai wuce ƙararsa ba. Duk da haka na ce ya zana mini wurin. Ya ɗauki tsinke ya ja layin titin a ƙasa, ya ja shingen waya, sannan ya ɗiga wasu abubuwa huɗu a gaba.

"Waɗannan fa?"

"Gangunan ƙarfe ne, da fenti ja da fari. Alama ce kawai."

Nan take na gano mai laifi, kuma ni ne.

Shekarar da aka hana babura a Maiduguri na koma keke, Abakar ya yi shekara uku yana taya ni tuƙi. Doka ɗaya na koya masa: ka hango gangar shingen sojoji a hanya, saki totur tun daga nesa, kada ka jira a ɗaga maka hannu. A bayansa nake zama, in ya makara in make masa hannu. Ba mugunta ba ce. Wani abokin sana'armu bai hango gangunan wani shinge da wuri ba, da mu aka yi jana'izarsa.

Washegari na nemi izinin bulama, wato mai unguwa, na aro ganguna huɗu wurin mai wankin mota, muka jera su a wani fili bayan unguwar Mairi. Sharaɗin shi ne Abakar ya taho a guje ya wuce ta tsakaninsu ba tare da ya saki totur ba.

Ranar farko ya taho sau tara, hannun ya saki sau tara. Ni kuma na make shi sau tara.

"Yaya, don Allah ka tsaya a magana ɗaya," in ji shi.

Wani mai keke da ya biyo ta gefen filin ya hango gangunanmu ya tsaya cak. Fasinjojinsa suka sauko, suka ɗaga riguna, suka wuce mu a ƙafa. Wani dattijo har da yi mini sannu da aiki. Na amsa, don ban ga amfanin dogon bayani ba.

A kwana na shida Abakar ya kashe keken ya kifa kai a kan sitiyari. Ya ce shi fa da ya ga ja da fari sai ya ji kamar an saita shi da bindiga. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na ce ya tayar da keken mu sake.

Ranar sha ɗaya ya wuce. Ya zagayo ya sake wucewa, har ya banke ganga ɗaya.

Bayan ya koma makaranta, wata Alhamis bayan azahar, ina layin ɗaukar fasinja a Bulabulin, wayarsa ta shigo.

"Yaya, na sauka."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai wallahi. Ko ganin gangunan ban yi ba."

Na yi hamdala, na share ido da hular kaina. Fasinja ta tambaya ko rasuwa aka yi, na ce a'a, ƙanena ne ya tashi. Amma maganarsa ta ƙarshe ta kwana uku tana damuna.

Da Sallah ya zo gida. Da safe mahaifiyarmu ta ce a kai ta gaisuwa, Abakar ya miƙa hannu zai ɗauki makullin keken a kan taga. Na riga shi, na jefa a aljihu. Tsakaninmu da inda za ta akwai shinge biyar.

"Shiga baya, Kyaftin," na ce masa. "A garin nan ba ka sake taɓa totur."