Ramin da Na Haƙa wa Ishaƙu

Shekara arba'in ina haƙar rijiya a ƙasar Mayahi, kuma rami ɗaya ne tak na haƙa da nake da-na-saninsa. Shi ma ba rijiya ba ne, kabarin abokina Ishaƙu ne. In don kyan aiki ne, ban taɓa yin wanda ya fi shi ba.

Sunana Danda. Mutanen Kanan-Bakashe sun san ni da saurin hannu da kunnen ƙashi, kuma ban taɓa musa ko ɗaya ba. Ishaƙu kuwa mai allurar dabbobi ne da gwamnati ta turo mana daga Tasawa tun gashina yana baƙi. Bahaushe ne kamar ni, amma Kirista, shi da iyalinsa kaɗai a garin. Da ya aje aiki sai ya ƙi komawa, wai awakinsa ba su san kowa a Tasawa ba. Matarsa Hajara ta rasu shekara tara kafin shi, aka kai ta maƙabartar Kirista ta Tasawa. 'Yarsu ɗaya, Rifkatu, ungozoma ce a Damagaram.

Kullum bayan la'asar muna zama gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gidansa muna shan shayi, kuma rabin hirarmu tsokana ce a kan lahira. Ni in ce masa ya fara haddace amsa tun yanzu, don masu tambayar kabari ba su jin faransanci. Shi ya yi dariya, ya ce ba ya jin tsoro. A wurinsu, in ji shi, wanda ya mutu yana dogara ga Yesu Almasihu hutawa yake tafiya yi wurin Ubangijinsa, gangar jikin kuwa shuka ce aka yi a ƙasa. Ranar ƙarshe za a busa ƙaho, matattu su tashi da sabon jiki, babu ciwon baya, babu hawaye. Nakan ce in dai babu ciwon baya a rubuta sunana, amma ba zan bar sallata ba. Bai taɓa matsa mini ba, ni ma ban matsa masa ba. Shayinmu ne kawai yake hucewa.

Wata rana mun je Tasawa sayen igiya, sai ya ja ni maƙabartarsu. Ya nuna mini kabarin Hajara, da wani fili a gefensa wanda ya kewaye da tubali da hannunsa. Ya ce nan ne nasa. Na tambaye shi ko Allahn nasu ba zai iya gano shi ba in an binne shi wani wuri. Ya ce ko kura ce ta cinye mutum, ko ruwa ya tafi da shi, ranar tashi ba wanda zai ɓace wa Allah. Na ce to wahalar mece ce? Ya dubi tubalan ya ce:

"So nike in na buɗe ido ranan nan, huskar da zan hwara gani tata ce."

Na yi masa dariya, na ce tsoho da soyayya. A hanyar dawowa ya bayyana mini yadda suke yi: ba sa gaggawa, sai dangi sun taru, a buɗe fuskar mamaci kowa ya gani, a yi waƙa, a ce masa sai an sadu. Ni abin ya yi mini banbaraƙwai. A wurinmu gatan gawa shi ne a suturta ta da wuri, wanda aka bari yana jira kuwa tausayinsa ake ji. Ishaƙu ya san ra'ayina, shi ya sa ya dafa kafaɗata.

"Danda, na san halinka. In na riga ka, kak ka yi mani saurin nan naka. Ka jira Rifkatu ta gan ni, sannan a kai ni gehen uwatta."

Na ce na ji, na ɗauka. Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

Ya rasu a bazara, da hantsi, ranar kasuwa. Yana ba awaki dusa ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a kira ni daga gona, maƙwabta sun shigar da shi ɗaki sun lulluɓe shi da zane. Na tsaya bakin ƙofa na ga tafin ƙafarsa, ban iya ƙarasawa ba, sai na juya na kira Rifkatu a waya. Ta ce sai ta nemi izini wurin aiki, ta biya Tasawa ta ɗauko fasto da akwatin gawa.

"Baba Danda, ku jira ni. Ko da gobe ne, ku jira ni."

Kalmar goben nan ce ta tsaya mini a rai. Ɗakin na kwano ne, rana tana dukansa, ko mai rai ba ya iya zama ciki. Mutane suka taru ƙofar gida cirko-cirko, kowa yana kallon kowa, don ba mu taɓa binne Kirista a garin ba. Liman Abdulhamid ya ce ba za a yi masa salla ba, wannan a fili yake, amma suturta maƙwabci hakki ne. Ya ƙara da cewa tunda akwai wasiyya a hannuna, in na ce a jira, a jira. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗora wa malamin nan laifi. Nawa ne ni kaɗai.

Da na jira, wallahi da na jira. Sai wani baƙo cikin 'yan kasuwa ya tsaya da amalankensa ya tambayi abin da ake ciki. Da aka gaya masa, ya girgiza kai ya ce ashe mutanen Kanan-Bakashe haka suke yasar da wanda ya yi musu hidima shekara talatin, don kawai ba addininsu ɗaya ba. Maganar ta soke ni. A ce ni Danda ina raye, a ce an wulaƙanta Ishaƙu? Nan take na tuna abin da ya faɗa da bakinsa, cewa ranar tashi ba wanda zai ɓace wa Allah. Na riƙe wannan magana kam, na mai da ita hujja, sauran abin da ya ce kuwa na yi kamar ban ji ba.

Na sa mutum biyu su yi masa wanka su naɗe shi a farin ƙyalle, ni kuma na ɗauki diga da shebur na nufi bayan gari. Na zaɓi wuri gindin wani gawo, ɗan nesa da maƙabartarmu. Na tuɓe riga na rataye a reshe, wayata tana cikin aljihunta. Na haƙa babban rami, na fitar da ƙaramin a tsakiya daidai kwanciyar mutum, na gyara gefensa sumul kamar zan zuba siminti. Ina haƙa ina kuka, ina kuma jin daɗin kaina, wai ina yi wa abokina gata. Sau uku wayar ta yi ƙara a aljihun rigar, sai daga baya na ga Rifkatu ce ke ta kira.

Kafin azahar mun sa shi. Mu bakwai ne. Muka jera itace, muka rufe da ganye, muka tura ƙasa. Da aka gama sai muka tsaya shiru, don tamu addu'ar ba tasa ba ce, tasa kuwa ba wanda ya iya. Mutumin da ya gaya mini ana raka nasu da waƙa, ko tari ba a yi masa ba. Na ɗora ƙaya a kai saboda dabbobi, muka watse.

Rana ba ta faɗi ba sai ga farar mota a ƙofar gidan, akwati ɗaure a bayanta. Ashe Rifkatu ba ta jira izinin ba ma. Ta sauko tare da fasto da mata huɗu na majami'arsu, ba ta tsaya gaisuwa ba ta wuce ɗakin. Ta tarar da tabarma a naɗe an jingine ta da bango. Ta fito ta dube ni, ni da na goya ta tana ƙarama, ta tambaye ni ina babanta. Ƙasar kabarin tana nan a farcena, na rasa inda zan sa hannuwana.

Na kai su gindin gawon. Na yi ta zuba bayani a hanya, zafi ne, maganar mutane ce, gata ne. Da muka isa na ce diga tana nan, in ta yarda kafin magariba na fito da shi a sa a akwatin. Fasto ya ce ita ke da magana. Ta durƙusa ta dafa ƙasar, ta ce:

"A bar shi, Baba Danda. An riga an kwantar da shi, ba ni so a tashe shi sai Mai tashinsa ya zo. Inda duk yake, ba zai ɓace ma Allah ba."

Hujjata ce ta fito daga bakinta, kalma da kalma. Ni na ɗauke ta don in karya alkawari, ita kuma ta ɗauke ta don ta rufa mini asiri. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Suka kewaye kabarin, fasto ya karanta daga littafinsu, matan suka yi waƙa a kan ranar da za a sake saduwa. Muryar Rifkatu tana karyewa tana kamawa. Na koma gefe na tsaya rungume da hannu, ina tuna filin nan na Tasawa da tubalansa, wanda yanzu ciyawa ce za ta gaje shi. Motar ta koma da akwatin yadda ta zo da shi.

Rifkatu ta kwana biyu tana karɓar gaisuwa. Ranar da za ta tafi ta same ni gindin bedi, ta zauna a kujerar babanta. Ta ce ba ta riƙe ni a zuci ba, ta san ƙauna ce ta sa ni, kuma ita ta tabbata za ta sake ganinsa. Sai dai ranar tana iya yin nisa, ga shi rabonta da shi tun kaka. Abu ɗaya take roƙo.

"Kai ka san huskarshi fiye da kowa. Gaya mani yadda take a ranan. Ya yi kama da wanda ya sha wuya, ko da mai hutawa?"

Na buɗe baki. Na san tsawon ramin, na san zurfinsa, na san itace nawa na jera a kai. Ƙarya ta zo mini har kan harshe, mai daɗi, wadda za ta tafi da ita Damagaram ta riƙe har tsufanta. Amma na riga na cuce ta sau ɗaya.

"Ban duba ba, ɗiyata," na ce. "Ina can ina haƙa."