Farar Ƙasa a Zauren Mai Gari

A wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, in ana maganar zanen bango, Iya Zinariya ake nufi. Shuni take jiƙawa, da jar ƙasa, da zabibi mai ba da rawaya, ta dama su da ruwan ƙaro, ta yi ta bin bango da gashin zabo. Tsohuwa ce mai faɗa, ga yanar ido ta fara rufe mata gani.

Da mai gari Cindo ya gina sabon zaure, ita ya kira. Ta san aikinta na ƙarshe ke nan, kuma so take a gan shi. Rani guda ta kwashe a ciki. Ta zana ayarin raƙuman kanwa da ta saba gani suna gangarowa Maigatari tun tana yarinya, ta zana gero ya fid da kai. Aka saki asabari a ƙofa, aka ce sai Juma'a za a buɗe. Har magina daga Gumel da Gagarawa sun aiko cewa za su zo kallo.

Ran Laraba sai ga labari wai Bature zai biyo rangadi. To, ka san mutanenmu. Da an ce Bature, sai shara, sai sabon zana, sai farar ƙasa a duk bangon da ido zai sauka. Ubale, ƙanen mai gari, sarkin rawar kai, ya tara matan gari da ƙorai cike da farar ƙasa. Babu wanda ya ce a tambayi tsohuwar.

Washegari da hantsi Iya ta zo ƙarasa raƙumin ƙarshe, ta ɗaga asabari, ta tarar da bango fari fat, ga Ubale tsaye.

"Ubale, wa ya aike ka?"

"Iya, gyara muka yi. Kada Bature ya ga bango dabbare-dabbare ya ce mu ƙazamai ne."

"Dabbare-dabbare," in ji ta. "Kai da ko layi ba ka iya ja a ƙasa ba."

Baturen fa? Ko daga kan doki bai sauko ba. Ya tambayi hanyar Sule Tankarkar, ya wuce abinsa.

Mai gari ya zo yana sosa ƙeya. "Iya, a yi haƙuri. Bayan damina sai ki sake mana wani."

Ta miƙa masa ƙorai biyu. "Ranka ya daɗe, wanne ne shunin? Ni tun watan jiya da hanci nake rarrabe su."



Ran Juma'a magina suka iso. Suka zagaya zauren, suka shafa bango, suka tambayi wanda ya yi shafen farar ƙasa, wai hannunsa ya faɗa. Iya Zinariya tana tsaye a bakin ƙofa aka nuna musu Ubale.