Magogin Baba Seini

"Buɗe bakin mana, Baba, don girman Allah! Cokali ɗaya kawai."

Baba Seini ya juya fuska bango. Barkisu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta dire kwanon koko, hawaye na zubo mata. Ba ubanta ba ne, maƙwabcin ɗaki ne a gidan hayarsu na Zango, amma shi ya yi wa 'ya'yanta huɗuba kaf. Yau ga tsufa, ga zazzaɓi, ga yunwa na cinye shi a gabanta, alhali abinci na hannunta.

Tsohon dillalin goro ne, haƙori ne ma'auninsa. Kafin ya yi ciniki sai ya ɓantara, ƙaras! Tsakanin goro da asuwaki da gawayi, haƙoran suka siɗe kamar tsohon dutsen niƙa. Da ta kai shi asibiti, likita ya leƙa ya ce, "Maame, babu rami, babu ruɓa. Ƙarewa kawai suka yi." Zafi ya taɓa su, azaba. Sanyi ya taɓa su, azaba.

Ta san in ya ji ɗanɗanon goro bakinsa zai washe, ya karɓi koko. Ta sha roƙonsa ta goga masa a magogi, yadda ake yi wa tsofaffi. Ina! Mutumin nan taurin kai gare shi.

"Magogi? Ni Seini? Ranar da dillali ya ci gogaggen goro, a je a haƙa masa kabari."

Ta ɗauki kwanon za ta fita ke nan, sai ta ji muryarsa can ƙasa.

"Barkisu... bakina ɗaci. Nemo magogin nan."

Ko takalmi ba ta sa ba. Ta faɗa ɗakin maƙwabciyarsu Hajiya Adizatu, babu. Ta tsallaka kwata, gida gida, tana haki, ko'ina amsa ɗaya.

"Magogi? Haba, wa ke ajiye wannan yanzu?"

Wayyo Allah! Ta fizgi gwangwanin kifi a kanti, ta zubar da kifin a ƙasa, ta sami ƙusa da dutse, ta durƙusa bakin titi tana huda shi. Trotro, motocin haya, na mata oda, ko kallo. Gwangwanin ya yanke ta a yatsa, ta tsotse jinin, ta ci gaba. Ta zaɓo farin goro, irin wanda yake so, ta goge shi tas, ta kwasa a guje.

A ƙofar ɗakin ta tarar da takalman maza a jere. Malam Dramani, limamin layinsu, ya fito, ya dube ta, ya dubi hannunta.

"Sai haƙuri, 'yata. Ya cika."

"A'a, Malam! Ya ce in kawo. Ga shi na kawo!"

Ta sulale ta zauna a dakali, gwangwanin a cinyarta. Garin goron yana ta rinewa, daga fari zuwa ja.