Dabinon Iya

Duk wanda ya bi titin Kiyawa daga Dutse ya ga Baffana, ko da bai san shi ba. Shi ne tsohon nan da ke jikin ƙaton allo, cikin farar riga wadda ba tasa ba, yana murmushi a gindin dabino. A ƙasa an rubuta: "Dabino ne sabon fetur." Ni Safara'u, 'yarsa, in na zo wucewa a adaidaita sahu kau da kai nake yi, don in na kalla sai na ji kamar in sauka in yi jifa.

Shanunmu sun ƙare tun ina ƙarama, abin da ya rage wa Baffa shi ne gonar dabino. Tsofaffin itatuwa ne dogaye, 'ya'yansu ƙanana, amma ba su taɓa kunyata mu ba. Da su ake sayen geron da zai kai mu kaka. Sai ga yayana Tasi'u wata rana da wani mutum mai sheƙin takalmi, wai Kodinetan Shirin Rayuwa Bayan Fetur. Tasi'u ya samu aikin wucin gadi a wurinsu, kansa har rawa yake yi.

Kodineta ya zauna a tabarmarmu ya yi ta zuba. Wai fetur ya kusa zama tarihi, wai ƙasa ba za ta ci gaba da tsayawa da ƙafa ɗaya ba, wai dabinon Dutse har Turai zai je. Mu da ba mu taɓa ganin kuɗin fetur ba sai a rediyo, mu aka zo wa da wa'azin a daina dogaro da shi. Ya ce za a ba mu dashen zamani kyauta, gajeru masu manyan 'ya'ya, amma da sharaɗi: a sare tsofaffin, don gonar shiri ba ta haɗuwa da tarkace.

Baffa mutum ne mai kunyar baƙo, ba ya iya cewa a'a ga wanda ya zauna a tabarmarsa. Aka sare. Guda ɗaya kawai ya tsaya a kai, wadda mahaifiyarsa Iya ta shuka da hannunta a bakin rijiya. Ya ce ko za a fasa shirin, wannan ba za a taɓa ta ba. Kodineta ya yi dariya ya ce a bar wa tsoho abin tunawa.

Abin tunawar nan ita ta riƙe gidan shekara da shekaru, muna jiran 'yan zamani su girma. Ni na san ruwan da na ja musu, har tafin hannuna ya yi kanta. Shi kuwa dabino akwai namiji akwai mace, kuma ba ka sanin wanne ka reno sai ya yi fure. Da suka yi fure sai muka ga abin da muka reno. Yawancinsu maza ne, ba ɗa ba jika. 'Yan matan da ke ciki kuwa, abin da suka haifa ƙwallo ne da fata, akuya ma sai ta shinshina ta wuce. Ashe wani ɗan kwangila ne ya zuba ƙwallaye a leda ya kira su irin waje. Tasi'u ya kai ƙorafi, aka ce ana dubawa.

Ana cikin dubawar ne Kodineta ya dawo, ya ƙara ƙiba, takalmin ma sabo. Lokacin dabinon Iya ta yi nauyi da 'ya'ya, sun fara ɗaukar launi amma da sauran bauri, sai sun ƙara kamar wata guda. Duk lissafin cikinmu na bana a kanta yake.

"Baba," in ji shi, "manyan baƙi za su zo jibi ganin nasarar shirin. Gonarka ce mafi kyau a ido. Abu ɗaya ya rage, itatuwan ba 'ya'ya. Sai mu ɗan ari na waccan doguwar, a ɗaura musu, a ɗauki hoto."

Na ce, "A ara? Yallaɓai, in an yanke nonon dabino mayar da shi ake yi?"

Tasi'u ya harare ni. "Ke Safara'u, manya na magana."

"Yaya, manyan nan su suka sare mana gona. A je kasuwa a sayo mana, in hoto ake so."

Kodineta ya ce na kasuwa busasshe ne, ba ya tare da reshensa, baƙi za su gane. Ya juya wajen Baffa ya sassauta murya. In baƙi suka ji daɗi, zagaye na biyu zai zo da dashe na gaskiya, mata zalla, har da rijiyar burtsatse. Kuma za a tabbatar da Tasi'u a aiki. Da ya faɗi wannan, Tasi'u ya sunkuyar da kai, Baffa kuwa ya daɗe yana kallon ɗansa.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baffa, don Allah. Ita kaɗai ta rage mana. In aka yanke yanzu me za mu ci da damina?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Tasi'u, ɗauko igiya."

Tasi'u ne ya hau. Ina tsaye ina jin saran lauje, yana zuro rassan 'ya'yan da igiya ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kuka ba, haushi ya hana ni. Ma'aikatan shirin suka bi mazan itatuwan nan suna ɗaura musu 'ya'yan dabinon Iya da baƙar waya, suna gyara ganye don ya rufe ƙullin. Wani har ja da baya yake yi yana karkata kai, kamar mai yi wa amarya kwalliya.

Baƙi suka zo da jerin motoci, suka tattake mana kunyoyin gefe. Aka sa wa Baffa farar riga, aka gaya masa abin da zai ce. Ya ce ya gode, ya ce talauci ya bar gidansa. Babban baƙon ya tsinki ɗaya ya kai baki, baurin ya kama shi, na ga ya juya ya tofar a hankici, sannan ya juyo ya ɗaga babban yatsa. Aka tafa. Shayin da na dafa musu ko hucewa bai yi ba suka shige motoci. Rigar ma wani ya dawo ya karɓa.

Dabinon ya kwana biyu a rataye ya yanƙwane. Na kwance shi da hannuna na zuba wa awaki. Zagaye na biyu bai zo ba, shirin ma aka ce wa'adinsa ya cika, an rufe shi cikin nasara. Tasi'u ya koma unguwar Takur a cikin Dutse yana acaɓa da babur ɗin wani, ba ya iya haɗa ido da ni. Allon kuwa aka kafa shi, ya fi ɗakinmu faɗi.

Damina ta yi nisa, rumbu ya koma wurin kwanan kaji, sai aka yi shelar rabon hatsi na tallafi. Baffa ya ce shi ba zai iya layi ba. Na ɗauki buhu na tafi, na tsaya cikin rana tun hantsi har aka kira azahar. Da na iso gaba, mai rabon ya tambaye ni gidan wa.

Na ce, "Gidan Malam Bubayero, na bakin rijiya."

Ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi. "Mai dabino? Na kan allo?"

"Shi."

"Haba baiwar Allah, ku ji tsoron Allah mana. Wannan na talakawa ne. Ku ai kun fita, duk garin nan an ji tsohon ya faɗa da bakinsa." Ya leƙa bayana ya ce, "Na gaba."

Na naɗe buhuna na dawo a ƙafa. Na tarar da Baffa zaune a gindin dabinon Iya, ya jingina da ita. Ya dubi buhun, ya dube ni, bai tambaya ba. Ni kuwa na faɗa masa duk da haka, kalma da kalma, yadda mutumin ya faɗa.