Tofi a Bakin Waya

Wayar Baffa Sodangi ta tsufa har manhajar saƙon murya ta daina buɗewa a cikinta. Baffa malami ne a Kurfi, wan mahaifin Zaharaddin, kuma ya ce shi ba zai sake waya ba, hannunsa ya saba da wannan. Sai Zaharaddin, mai gyaran waya a Dutsin-Ma, ya karɓe ta, ya ce zai cire tsohon tsarin da ke tafiyar da ita ya ɗora mata sabo, irin wanda masu sa kai ke haɗawa. Ba wanda ya taɓa ɗora shi a kan irin wannan wayar. Ya yi alkawarin mayar da ita ran kasuwar Kurfi.

Sikirin ya kama, layi ya kama, amma wayar ta zama bebiya. Sabon tsarin bai san hanyar da sauti ke bi a cikinta ba. Zaharaddin ya duƙufa gaban kwamfuta yana rubuta masa dalla-dalla: nan hanyar lasifika, nan ta makirfo. Da ƙyar lasifika ta yi magana. Makirfo kuwa, in ya ɗauki muryarsa ya saurara, sai ya ji kamar mutum ya tura kai cikin randar kunu yana kiran ceto.

Ya gyara rubutun, ya goge, ya sake. Shiru.

Ashafa, maƙwabcin shagonsa mai sayar da caja, ya leƙo. "Injiniya, har yanzu gawar ba ta tashi ba? Ka buɗe cikinta mana mu ga me ta ci."

Zaharaddin ya kwance bayan wayar. Wari ne ya fara yi musu sallama. Wani jan abu mai danƙo ya cika ramin makirfo, ya gangara gefe ya daskare kamar ƙanzon tuwo, samansa kuma bai gama bushewa ba.

Ashafa ya ja da baya, ya toshe hanci da wuyan riga. "Subhanallahi! Wannan ai tukar goro ce. Baffan naka a bakinsa yake ajiye ta?"

Nan Zaharaddin ya gane. Mutane kan kira Baffa daga nesa, mai ciwon kai, mai ciwon ƙafa, ya karanta musu addu'a, sannan ya tofa a bakin wayar. Baffa kuwa ba ya rabo da goro. Shekaru kenan ana haka.

Da tsinken sakace da auduga ya yi ta ƙwaƙulowa, yana kau da kai. Da ya mayar da murfin ya gwada, muryarsa ta fito tangaran. Ranar ko abincin rana bai iya ci ba. In Baffa ya ci gaba, aikin nan duka zai koma cikin yawu, shi ne kuma zai sake buɗewa. Dole ya faɗa masa.

Ran kasuwar Kurfi ya sami Baffa a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa wayar.

"Baffa, ta gyaru. Sai dai akwai ɗan rami a nan ƙasa, ta nan murya ke shiga. Ba ya son danshi."

"Ai ba na kai ta wurin alwala."

"Ba alwala ba, Baffa. Tofin nan... ko a riƙa yin sa daga ɗan nesa? Ko in naɗe mata leda."

Baffa ya daina tauna, ya dube shi. "Leda? Ka toshe hanya, sannan addu'ar ta bi ta ina? Kai da ka yi boko."

Ana haka sai wayar ta yi ƙara. Goggo Uwa ce, ƙanwar Baffa da ke aure a Birchi, gwiwarta ta sake kumbura. Baffa ya gyara zama, ya karanta a hankali, ya matso da wayar dab da leɓensa, ya tofa. Ya sake tofawa. Zaharaddin na kallon jajayen ɗigo suna taruwa a bakin ramin, ɗaya ya gangara ciki.

Muryar Goggo ta cika zauren. "Kai, Yaya! Yau kam na ji tofin nan har cikin kunnena. Da can sai dai in ce amin ban ji komai ba. Bari in gaya wa maƙwabtana su Rekiya, duk su kira ka."

"Aikin ɗanki ne," Baffa ya ce, fuskarsa cike da jin daɗi. "Ga shi nan. Zaharaddin, karɓi ka gaida goggonka."

Zaharaddin ya sa hannu biyu ya karɓa. Wayar da ɗumi, da laima. Ya so ya riƙe ta nesa da fuskarsa, amma idon Baffa na kansa. Ya kara ta a kunci.

"Goggo, ina wuni. Ya jikin?"