Butar da Ba a Zuba wa Ganye

Butar ba ta fi mangwaro girma ba, ja ce mai duhu, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ba a jefa mata ko ƙwayar ganyen shayi ba. Duk da haka, idan Alhaji Ajimi ya ɗauko ta daga kabad a naɗe cikin farin ƙyalle, zauren kan yi tsit. Yakan cika ta da tafasasshen ruwa zalla, ya rufe, ya jira gwargwadon karanta Fatiha uku, sannan ya tsiyaya a finjalai. Baƙi su kai hanci, su lumshe ido, su ce ikon Allah, ruwa ya koma shayi.

Alhaji Ajimi dillalin banda ne a kasuwar kifi ta hanyar Baga, kuma a Makka ya samo butar. A ƙasa ya yi hajjinsa, ta Sudan, yana isa zazzaɓi ya kayar da shi. Wani tsoho Basine, Musulmi mai siririn gemu da ke zaune kusa da masaukinsu, shi ya yi jinyarsa kwana goma sha biyu, yana ɗura masa shayi daga wannan buta. Ba su da yare ɗaya sai sallama da salla. Ranar rabuwa tsohon ya danƙa masa butar, ya nemo tafinta ya yi masa bayani: yumɓunta ba a shafe shi da komai ba, saboda haka tana shan duk abin da ya daɗe tare da ita. Shekara arba'in yana haɗa shayinsa a ciki. Kada sabulu ya taɓa ta, kada a ɗora ta a wuta, kada a sa mata wani ganye.

Tun daga nan cutar tara kayan Sin ta kama Alhaji, ba ta kuwa sake shi ba. Onyekwere, mai shagon kwanuka da tangaran a Kasuwar Litinin, ya gane lagonsa: duk akwatin da ya iso, sai ya juya gindin kowane finjali, in ya ga rubutun Sinawa ya ajiye wa abokinsa. Alhazai ma sukan zo masa da tsaraba. Haka kabad ya cika da finjalai masu shuɗin zane, wani da gada, wani da tsuntsaye, wani da ɗan masunci a kwalekwale, wanda Alhaji ke kira ɗan uwansa. Akwai wanda in ka ɗaga shi ga rana sai ka ga inuwar yatsunka ta cikinsa, Alhaji kuma duk sanda ya ɗaga shi sai ya yi tasbihi. Abokansa na kasuwa suna yi masa tsiya, wai mutum yana ƙarnin tarwaɗa amma ya fi amarya jere. Kowace Juma'a bayan masallaci su ɗin ne dai ke cika zauren, suna kurɓar shayi mai sukari a cikin abin da suka gama zagi.

Ita butar sau biyu kawai take fitowa a shekara, ƙaramar salla da babba. Abu biyu yake tsoro a kanta. Na farko hannunsa mai ƙarnin kifi, shi ya sa ba ya riƙe ta sai da ƙyalle. Na biyu matarsa, Ya Kellu, wadda duk Yerwa, wato Maiduguri, an san ta da haɗa turaren wuta. Kamar sauran matan Barno, ba ta yarda a sha ruwa a randar da ba a turara ba, kuma da za a bar ta da har akuya sai ta kifa wa kasko. Alhaji ya kafa mata doka cewa ita da zaure sai dai leƙe daga nesa. Ta yi dariya, ta ce ta ji, a gaishe mata da baƙuwar.

Amma akwai abin da Alhaji bai faɗa wa kowa ba. Shekara talatin na hayaƙin banda sun kashe masa hanci. Ya kai shekara huɗu ba ya jin ƙamshi ko wari. In ya tsiyaya ruwan butar, fuskokin baƙi yake kallo, a nan yake ganin cewa tsohon da ya cece shi yana nan.

A babbar sallar shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa Maiduguri, Onyekwere ya zo yi masa barka da salla kamar yadda ya saba. Aka miƙa masa finjali, ya sansana, ya kurɓa, ya ajiye bai ce komai ba, alhali sauran suna ta masha Allah. Da mutane suka watse Alhaji ya riƙe shi a bakin ƙofa, ya tambaye shi dalilin shirun.

“Alhaji, kai abokina ne, ba zan yi maka ƙarya ba,” in ji Onyekwere. “Bara na ji wani abu kaɗan. Yau ruwan zafi na sha. Wataƙila hancina ne.”

Alhaji ya san mutanensa. Ko ruwan kwata ya ba su ranar salla, kara za ta sa su yaba. Ya yini bai ci naman layyarsa ba. Tsoro ne ya kama shi sosai: mai yiwuwa ƙamshin ya daɗe da tafiya, shi kuma yana ta yi wa wofin yumɓu hidima ana tausaya masa. A duk garin hanci ɗaya ne zai iya raba wannan gardama, shi ne kuwa wanda ya kora daga zaure.

Washegari ya shiga ɗakin Ya Kellu, ya zauna a bakin gado, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta gaya masa cewa zancen hancinsa ba labari ba ne a wurinta, domin sau uku tana sauya turaren ɗakin bai ko ɗaga kai ba. Ta yarda za ta duba masa, amma sai ya ba ta kwana uku, don hancin da ya kwana cikin hayaƙin sandal ba zai kama ƙaramin abu ba.

Kwana ukun nan ba a hura kasko a gidan ba. Ta ajiye humra, ta daina cin yaji, ta sa aka wanke mata zane da ruwa zalla aka shanya a bayan gida. Maƙwabta suka riƙa aikowa a tambaya ko lafiya, don tun da aka kawo ta unguwar ba a taɓa wucewa ta ƙofar gidan ba a ji komai ba. Shi kuma Alhaji yana kasuwa amma hankalinsa ba ya kan kifi.

Ran na huɗu da hantsi suka shimfiɗa tabarma a bayan gida kusa da rijiya, inda iska ke wucewa. Alhaji ya tafasa ruwa a butar ƙarfe a kan gawayi, ya cika 'yar butar, ya rufe, ya jira. Ya tsiyaya a finjali, ya ajiye a gabanta. Ya Kellu ta maida hannayenta baya don kada ta taɓa komai, ta sunkuya a kan tururin, ta rufe ido. Ta daɗe a haka har ya fara fid da rai.

“Akwai ganye,” ta ce a hankali. “Ba irin namu na kasuwa ba. An gasa shi a kan wani itace da ba mu da shi a ƙasar nan. A ƙarƙashinsa akwai sanyi, irin na ƙasa bayan ruwan farko.” Ta sake jan numfashi. “Mutumin nan yana jefa busasshen ɓawon lemo a shayinsa.”

Alhaji bai taɓa gaya wa kowa haka ba, domin shi kansa ya manta. Yanzu ga shi yana gani sarai: zare a tagar ɗakin nan na Makka, ɓawon lemo a jere ya bushe ya yi baƙi, tsohon yana ɓantarar ɗan kaɗan da farcen babban yatsa. Har tarin tsohon ya ji a kunnensa. Mamaki ya cika shi, na yumɓun da ya riƙe wannan abu, da na matar da ya zauna da ita shekara talatin bai san iyakar baiwarta ba. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

“Amma ba shi kaɗai ba ne a ciki,” in ji Ya Kellu. “Akwai banda.”

Ya ce ba zai yiwu ba, shi da bai taɓa ɗora mata yatsa ba. Ta tuna masa cewa kullum in ya dawo kasuwa, da rigarsa da komai, gaban kabad yake zama ya buɗe yana kallo har a kira magariba. Alhaji ya tambaye ta wanne ya fi yawa.

“Kai ne,” ta ce. “Shi saura kaɗan. In ka ƙara zuba mata ruwa sau biyu ko uku, ba na jin ko ni zan same shi.”

Ya dubi butar. Zai iya maida ta kabad ya kulle, tsohon ya zauna a ciki ba mai jin sa har ƙarnin kifi ya gama rufe shi. Ya tura finjalin gabanta, ya ce ta sha tun bai huce ba. Ta ɗauka da hannu biyu, ta kurɓa. Shi kuma ya sauke butar ƙarfen daga gawayi, ya buɗe murfin ƙaramar, ya sake cika ta.

“Alhaji, zai ƙare fa.”

“Na sani,” ya ce, ya gyara zama ya matso kusa da ita. “Faro mini daga itacen nan, kada ki yi sauri.”